Wankin Dare a Damagaram: Abin da Kayan Makaranta Ke Ci wa Gida

Duk shekara da an buɗe makarantu, nasiha iri ɗaya ke yawo a Damagaram, daga taron iyayen yara zuwa bakin ƙofar lakwal inda mushe ke tare masu latti. Ana cewa iyaye su shirya kayan yara tun da dare, a wanke, a goge, a rataye, a haɗa jaka, kada gari ya waye ana neman takalmi. Nasihar ba ta da aibi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake faɗarta, sai ka ce matan garin nan barci suke sha da dare har sai an tuna musu. Wanda ya taɓa ratsa Garin Malam ko Karkada ko Sabon Gari bayan isha'i ya san igiyoyin shanya cike suke da rigunan makaranta masu ɗigar ruwa. Wankin dare ya riga ya zama al'ada a birnin nan. Ƙarancin ruwa ne ya mayar da wanki aikin dare, rashin kaya na biyu kuma ya mayar da shi aikin kullum, sannan nauyin ya sauka a kan uwa da 'yarta.

Shekarar 2024 ce ta ƙara fito da lamarin fili. Ruwan saman da ya rushe tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin a wurare da dama waɗanda gidajensu suka faɗi a cikin azuzuwa suke kwana. Ɗakin laka idan ya rufta, da akwatin tufafi yake ruftawa. Magidancin da ke neman kuɗin tubali da kwano ba zai ɗinka wa kowane yaro kaya biyu ba. An yi ta maganar azuzuwa da allo da tebur, amma ban ji an tsaya kan tambayar da kowace uwa ta kwana da ita ba: me yaron zai sa gobe, da wane ruwa za a wanke shi?

Ruwa ne tushen maganar, don haka a kansa zan daɗe. Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ke kewaye da Birni ba ado kaɗai ba ne, haka ƙarƙashin garin yake, fa ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa. Ƙishirwa tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke fadar mulki daga nan suka kai Yamai a 1926. Ruwan da birnin ke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya a kudu, inda madatsu ke tare ruwan damina ya nutse ƙasa, da kuma Arunguza da Ganaram a arewa. Duk lokacin da aka ƙara rijiyoyi, kafin a gama murna jama'a sun riga sun ƙaru. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 300,000 a gundumomi biyar na birnin, jihar kuma ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar, da mutum miliyan uku da rabi. Daga nan zuwa yau unguwanni nawa aka yanka, makarantu nawa aka buɗe, ga jami'ar André Salifou da ɗalibanta.

Ruwan da bai isa kowa ba, rabonsa ake yi, kuma rabon yana da tasa ƙa'idar. Da rana kowa ya buɗe famfo, waɗanda ke gangare da waɗanda ke kusa da babban bututu su ke shanye ƙarfin ruwan. Sai dare ya raba, an rufe famfuna, ƙarfin ya taru, sannan ya iya hawa tudu ya kai ƙarshen layi. Shi ya sa a gidaje da yawa ake barin famfo a buɗe da bokiti a ƙarƙashinsa, uwa tana barci da kunne ɗaya. Da ta ji ɗigo sai ta taɓa babbar 'yarta: “Ke, tashi, ruwa ya zo.” Ita kuma ta ce, “To, Inna,” ta miƙe. A cika randa, a cika jarkoki, sannan tun ruwan bai ɗauke ba a jiƙa rigunan makaranta a cuɗa. Babu wanda ya zaɓi ƙarfe biyun dare ya zama lokacin wanki. Injinan da ke turo ruwan kuma da lantarki suke aiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, mutanen Damagaram sun ga yadda ɗaukewar wutar NIGELEC ke jan ɗaukewar ruwa. An maido da wutar a Maris 2024, kuma a farkon shekarar 2024 kamfanin ƙasa na NDE ya karɓi aikin rabon ruwa daga hannun SEEN. Sunan da ke kan takardar biya ya sauya, dutsen da ke ƙarƙashin gari yana nan.

Wanda ba shi da famfo a gida, sai 'yan garuwa. Nan ne lissafi ke fito da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 ga mutum ɗaya a rana tana isar sha da girki da wanke hannu, amma wanki da wanka ba su samuwa yadda ya kamata sai an kai wajen lita 50. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya sami matsakaicin haihuwa a jihar Damagaram ya kai 8.5 ga mace ɗaya, mafi yawa a ƙasar. A ɗauki gida mai mutum goma, wanda ba babban gida ba ne a nan. Lita 50 sau goma lita 500 ke nan, wato jarka 20 masu cin lita 25 kowace rana. Gida nawa ke iya sayen jarka 20, balle a bazara lokacin da kuɗin jarka ke ninkawa? Don haka uwa tana da jerin da ba ta rubuta ba amma ba ta kuskure shi: sha, tukunya, alwala, wanka, sannan wanki. Abin da ya rage a gindin jarka bayan kowa ya gama, shi rigar makaranta ke samu, kuma ba a sanin abin da ya rage sai dare. Wani abin takaicin, watannin da ruwa ya fi wuya, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, su ne watannin da masu jarrabawar BEPC da ta Bak ke buƙatar kowane dare don bitar karatu.

Dalili na biyu shi ne kaya ɗaya. Da yaro yana da kala biyu, da an tara wanki sai ranar da babu makaranta. Amma kayan makaranta ba a tsintarsu a tarin bosho kamar sauran tufafi, tunda kowace makaranta da launinta da ɗinkinta. Sai a shiga kasuwar Dole a yanki yadi, a kai wa tela, a biya, sau adadin yaran gida, a wata ɗaya da kuɗin littattafai da alƙaluma. A 2023 komawa makaranta ta faɗo daidai lokacin da iyakar Nijeriya ke rufe, alhali yadin da ake ɗinkawa a nan hanyar Kano ya saba biyowa, kayan tashar Kwatano kuma suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Uban da ya ɗinka ɗaya ɗaya ya yi ƙoƙari. Sai dai rigar ba ta kwana biyu da tsabta. Yaron da ke karatu a rumfar zana a ƙasa yake zaune, kuma rumfunan nan dubbai ne a Nijar, ba a manta gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba. Ga ƙurar hunturu, ga gumin bazara. Makarantar da ta zaɓa wa 'yan mata farin hijabi ta yanke wa gidajensu hukuncin wanki kullum, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Guga kuwa ba sai an faɗa ba. In da wuta a goge da dare tun ba a ɗauke ba, in babu a hura gawayi da asuba a zuba a dutsen guga. Yadin roba da aka fi ɗinkawa saboda araha da saurin bushewa, tartsatsi ɗaya ke huda shi.

Wa ke biyan wannan duka? Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya sami awa 9 zuwa 12 na barci, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A auna wannan da yarinyar da ta dawo daga kolej ta wuce Islamiyya, ta taya girki, ta kwanta, aka tashe ta tarar ruwa, ta wanke nata da na ƙannenta, ta koma ta ɗan runtsa, aka kira asuba. Ita ce za ta yi gyangyaɗi a aji, a ce ba ta da ƙwazo. Ita ce za ta makara, a tsare ta a ƙofa. Ranar da ruwa bai zo ba ko rigar ba ta bushe ba, zaɓi biyu gare ta, ta je da kayan gida a kore ta, ko ta zauna. A kwanakin al'ada, yarinya mai siket ɗaya a makarantar da bayan gidanta ba ruwa, zama za ta yi, kuma ba za ta gaya wa kowa dalili ba. Fashin kwana biyu a wannan wata, uku a wancan, maki ya faɗi, a maimaita aji, a gida kuma a fara cewa tunda karatun ba ya shiga gara a yi mata aure. A ƙasar da kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, wannan ba ƙaramar kafa ba ce. Dokar Disamba 2017 ta kare karatun 'ya mace, da gidajen kwanan ɗalibai mata irin na Kelle a yankin Gure, duk sun taso ne don toshe irin waɗannan kafofi. Ina ganin babban abin da gidan kwana ke ba yarinya, bayan abinci da kusanci da aji, shi ne dare cikakke wanda ba mai tashinta.

Masu nasiha suna da tasu gaskiyar, ba zan hana su ba. Gidan da aka saba haɗa jaka da rataye riga tun dare ya fi kwanciyar hankali da safe, yaro kuma yana koyon tsari daga nan. Kayan makaranta suna rufa wa talaka asiri, ɗan mai kuɗi da ɗan mai garuwa su zauna ba a bambance su. Akwai kuma sakaci na gaske, akwai gidan da ruwa ke zuwa da rana, wuta ba ta yankewa, amma yaro ya fito kamar an ƙwato shi daga bakin kura. Sai dai in za a yi maganar sakaci a yi ta duka. Wanki da guga sana'ar maza ce a kowace unguwa ta garin nan, ba wanda ya taɓa jin kunyarta. To me ya sa a cikin gida samari suna fada suna shan shayi har tsakar dare, ƙanwarsu ce ke wanke musu rigar makaranta? Wannan ɓangaren ba ya jiran Ganaram, maigida ne zai yi magana.

Sauran ƙasashe sun gwada abin da kayan makaranta kyauta ke iya yi. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, tare da Pascaline Dupas, sun bi diddigin ɗaliban makarantu 328 daga 2003. Inda aka ba 'yan aji shida na firamare kayan makaranta kyauta, barin karatu ya ragu, aure da ciki da wuri ma suka ragu a tsakanin 'yan mata. A maƙwabta, gwamnatin Kano ta raba kaya kyauta ga 'yan aji ɗaya na firamare bayan ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yuni 2024. Burkina Faso kuma ta shigar da saƙinta na Faso Dan Fani cikin kayan makaranta tun 2023, abin da ke da farin jini a wannan zamani na kishin kayan gida. In wata rana aka kawo irin wannan shawara a Nijar, ina roƙon a fara tambayar matan Damagaram, domin saƙin auduga mai kauri ya fi yadin roba shan ruwa, ya fi shi daɗewa a kan igiya.

Maganar sababbin rijiyoyi da bututu da injinan da ba su dogara da wutar waje ba, ta Yamai ce, kuma shekaru take ci. Amma kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa na CGDES, tana da ƙungiyar iyaye, da yawa suna da ƙungiyar iyaye mata. Waɗannan suna iya zama su sauya farin hijabi da launi mai ɗaukar ƙura, su tara kayan waɗanda suka gama su raba wa masu kala ɗaya, su sa a ajiye tanki ko randa a bayan gidan 'yan mata. Suna iya amincewa cewa daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, ɗalibin da ya zo da kayan gida masu tsabta ba za a mayar da shi daga ƙofa ba. Wannan na ƙarshe ko dala ba ya ci, zama ɗaya na kwamiti da sa hannun darakta ya isa.