Kalmomin Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki da Tarihi a Cikin Buhun Gyaɗa

Ɗalibai da yawa kan yi wa kalmomin darasin zamantakewa karatun aku: a haddace, a juye a takardar jarrabawa, bayan mako guda an manta. Kalmar da ba a haɗa ta da wani abu sananne ba, da wuya ta zauna a kai. Don haka bari mu ɗauki abu ɗaya da kowa ya sani, gyaɗar Kano, mu bi ta mu ga kalmomin da za ta fito mana da su.

Labarin ƙasa ilimi ne da ke tambayar ina abu yake, kuma me ya sa yake can. Idan ka buɗe taswira za ka ga layuka a kwance, waɗanda ake auna nisan wuri da su daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Kano tana wajen digiri 12 a arewa da shi. Wannan matsayi ya sa ta cikin yankin da ake kira sabana, ƙasar ciyawa mai itatuwa jefi-jefi irin su kuka da ɗorawa da tsamiya, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba. Gyaɗa kuwa ƙasar jigawa take so, mai sauƙin tono, kuma tana nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Ka ga an dace.

A nan akwai tarkon da ke kama ɗalibai. Hadarin da ya haɗu da la'asar ɗin nan yanayin yini ne. Amma idan malami ya ce yanayin yanki, yana nufin abin da aka saba gani na ruwa da zafi da iska a tsawon shekaru, galibi 30. Damina ɗaya da ta yi gardama ba ta isa a kira ta sauyin yanayi ba.

Tattalin arziki kuma shi ne yadda jama'a ke samar da kaya, su rarraba, su yi amfani da su. Gero da dawa amfanin gona ne na ci. Wanda ake nomawa musamman don kasuwa shi ne na sayarwa, kamar auduga. A farkon ƙarni na 20 masana'antun Turai suna matuƙar son mai don yin sabulu da man shafa wa burodi: wannan ita ce buƙata. Abin da manoma suka iya kawowa kasuwa shi ne wadata, farashi kuma a tsakanin biyun yake tashi ko ya faɗi. Turawa sun so a noma musu auduga ne, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi kuɗi, kuma idan kasuwa ta ƙi, a ci ta a gida, a matse mai, a soya ƙuli-ƙuli. A ganina babu darasin tattalin arziki da ya fi wannan lissafin manoman daɗin koyarwa.

Gyaɗar da aka ɗura a buhu aka tura ƙetare ba a sarrafa ba, ita ce ɗanyen kaya, aikin kuma sunansa fitar da kaya. Kishiyarsa shigo da kaya ne, kamar sabulun da ke dawowa da tsada.

Sai tarihi, wanda ke bin dalili da sakamako. Sojojin Ingila sun ci Kano a 1903, aka shiga mulkin mallaka, wanda a Arewa aka gudanar ta hannun sarakuna. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufuri a 1912, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, dole manomi ya nemi abin sayarwa. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa saye suna jibge buhuna, har aka san Kano da dalar gyaɗa. Me ya rusa dalar? Wanda ya ba da dalili ɗaya bai gama amsa ba. Akwai farin 1972 zuwa 1974, akwai cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma.

A lura kuma, 1912 tana cikin ƙarni na 20 ne, ba na 19 ba, domin ƙarni na 20 ya fara daga 1901. Duk waɗannan bayanai daga madogarar tarihi ake samo su: rubutattu, kamar takardun da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da kuma tarihin baka. Idan akwai tsohon manomi a gidanku, ku tambaye shi nawa aka sayar da buhu a zamaninsa, da wanda ke yanke farashin.