Yaron Da Ya Iya Lissafin Kasuwa, Me Ke Kayar Da Shi A Aji?

Ku je kasuwar Batsari ku tsaya wajen masu rogo. Za ku ga yaro ɗan shekara 12, a ce masa jaka bakwai da rabi, nan take ya ce naira 1,500 ke nan, ya miƙa canji babu kuskure. Wannan yaron ne kuma za a ce a makaranta kansa ba ya ɗaukar lissafi.

'Yan'uwa, kan yaron lafiya lau yake. Abu na farko da ke tare shi harshe ne. Ya san rabi, ya san kwata, da Hausa yake auna su kullum a mudu da tiya. A aji sai a kawo masa su da Turancin da bai gama ji ba, ya koma haddar abin da bai fahimta ba.

Amma babbar cutar ita ce yankewar karatu. Lissafi gini ne na tubali, sahu bisa sahu. Wanda ya rasa darasin tarihi na wata guda yana iya karantawa ya cim ma 'yan ajinsu. Wanda ya rasa rabawa kuwa, duk abin da aka ɗora masa daga baya a kan iska yake zaune. To, ku duba abin da ya sami yaran Batsari da Safana, da ke bakin Dajin Rugu. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar, iyalai suka watse. A shekarar ce korona ta rufe makarantu wata da watanni. A Disamba kuma aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana. Da aka dawo, an ci gaba da tura yara aji na gaba, ba wanda ya koma ya cike musu sahun da ya zube.

Mu iyaye ma da namu laifin. Damina na faɗuwa sai mu ɗebe yaro zuwa gona, yarinya kuma ga talla.

Ga shi kuwa mai son karatun jinya ko injiniya sai ya ci lissafi da kyau a WAEC ko NECO. Kafin ku sayi littafin tambayoyin jarrabawa, ku zaunar da ɗanku yau da dare, ku ce ya raba 84 gida 7, ku ga inda zai tsaya.