Ciwon Daji: Ƙwayar da Ta Ƙi Mutuwa

Allah ya gina jikinmu da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Idan ƙwaya ta tsufa ko ta lalace, akwai umarni a cikinta da ke sa ta mutu da kanta, sabuwa ta maye gurbinta. Wannan mutuwa lafiya ce ga jiki.

Ciwon daji yakan fara ne sa'ad da wata ƙwaya ta daina jin wannan umarni. Sai ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari, ta bazu zuwa wasu sassan jiki.

A shekarun 1990, masu bincike a ƙasar Holan sun sami wani furotin a cikin bairos da ke jawo wa 'yan tsaki ƙarancin jini. Suka kira shi Apoptin. A ɗakin gwaji, idan ya shiga ƙwayar daji ta mutum, yakan taru a cibiyarta ya tayar da umarnin mutuwa, ƙwayar ta yanƙwane ta wargaje. A lafiyayyar ƙwaya kuwa, yawanci ba ya kaiwa cibiya, sai ya bar ta da ranta.

Har yanzu bincike ake yi a kansa, bai zama magani ba. Duk wanda ya ce yana sayar da shi a kasuwa, yaudara ce. Cin kaza mara lafiya kuma ba ya warkar da kowa.

Akwai kuma bairos mai yin akasin haka. HPV, wanda ake ɗauka ta wurin saduwa, yana da furotin mai suna E6. Shi yakan lalata p53, wato mai gadin da ke ba ƙwaya umarnin mutuwa. Ta haka yawancin ciwon dajin bakin mahaifa ke farawa, a hankali, shekaru da dama ba tare da zafi ba.

Ga abin da ke hannunmu yau. Ku kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a yi musu allurar rigakafin HPV. Mace mai shekara 30 zuwa sama ta zo a duba bakin mahaifarta ko da tana jin lafiya. Jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ƙullutu a nono, kada a ɓoye shi don kunya. Maigida, ka raka ta asibiti da wuri.

Ubangiji ya kiyaye mu duka.