Ƙirƙirarriyar Basira A Wurin Aiki: Ribar Da Ake Gani Da Asarar Da Ba Ta Shiga Littafi

A ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2022 ne kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da ChatGPT, wato manhajar da ake yi wa tambaya da harshen yau da kullum, ita kuma ta mayar da amsa a rubuce tamkar mutum. A watan Afrilun 2024 kuma kamfanin Meta ya sanya irin tasa manhajar cikin WhatsApp a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Ghana. Ta haka ne abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shiga aljihun akawu da sakatare da ɗan kwangila da yaron shago, ba tare da mai kamfani ya zauna ya yanke shawarar sayenta ba. Da ita ake rubuta wasiƙar neman kwangila, da ita ake tsara farashi, da ita ake fassara takardar kaya da ta zo daga ƙasar Sin. Ya kamata mai kasuwanci ya san abin da hakan ke yi wa tunanin ma'aikacinsa, domin ƙwarewar ma'aikaci jari ce, ko da yake ba a rubuta ta cikin jerin kadarorin kamfani.

Ribar dai a fili take, kuma an auna ta. A 2023 wasu masana tattalin arziki na jami'o'in Stanford da MIT suka bi diddigin ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koke-koken abokan ciniki a wani kamfani. Suka tarar waɗanda aka haɗa da na'urar sun ƙara yawan matsalolin da suke warwarewa a kowace awa da kashi 14 cikin ɗari. Sababbin shiga ne suka fi cin moriya, domin nasu ƙarin ya kai kashi 34, alhali tsofaffin hannu kusan ba su ƙaru da komai ba. Duk mai biyan albashi a ƙarshen wata ya san ma'anar wannan: yaron da ya yi wata biyu yana aikin wanda ya daɗe.

A wannan shekarar ce kuma masana na jami'ar Harvard da wasu takwarorinsu suka gwada ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group. A ayyukan da na'urar ta iya, masu amfani da ita sun fi sauri da kimanin kashi 25 cikin ɗari, aikinsu kuma ya fi inganci. Amma masu binciken sun saka wani aiki guda da gangan, wanda suka san na'urar kan yi tuntuɓe a kansa, domin sai an haɗa alƙaluma da bayanan hira sannan a gane inda matsalar take. A nan sai reshe ya juye da mujiya. Waɗanda suka yi da kansu sun dace da amsa kimanin kashi 84 cikin ɗari, masu na'ura kuwa suka tsaya tsakanin kashi 60 da 70. Waɗannan fa ba 'yan koyo ba ne, mutane ne da manyan kamfanoni ke biya maƙudan kuɗi don su yi musu tunani.

Dalilin hakan yana cikin yadda aka gina na'urar. An horar da ita ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, aikinta kuma shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Saboda haka zaƙin bakinta ɗaya ne, ko tana kan daidai ko tana kan kuskure. Ma'aikacin da bai san abu ba yakan yi in'ina, maigida ya lura. Ita ba ta yi. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ta ƙago, da sunaye da lambobi, waɗanda ba a taɓa yanke su a ko'ina ba. Har ɗaya daga cikin lauyoyin ya tambayi na'urar ko hukunce-hukuncen na gaskiya ne, ta ce masa na gaskiya ne.

Sau da yawa akan kwatanta lamarin da zuwan kalkuleta, a ce an yi irin wannan fargaba a lokacin kuma kasuwa ba ta tashi ba. Kwatancen bai cika ba. Kalkuleta ba ta kuskure sai in yatsa ya zame, kuma tsohon ɗan kasuwa da ya saba lissafin buhuna da ka yakan gane zamewar nan take, domin tun kafin ya taɓa na'urar ya san inda jimlar ya kamata ta faɗa. Wannan sanin da ke gabatar amsa shi ne abin da ake tsoron rasawa.

Akwai shaidar cewa yana raguwa. Masana na jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da ɗalibai kusan 1,000 a wata makarantar sakandare a Turkiyya, aka buga sakamakon a 2025. Ɗaliban da aka bar su da na'urar lokacin aikin gwaji na lissafi sun fi sauran da kashi 48 cikin ɗari. Da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17. Sun sami amsoshi, ba su koyi hanya ba. Wanda zai ce ai waɗannan yara ne, sai ya dubi ƙasar Poland, inda aka duba aikin ƙwararrun likitoci masu leƙa hanji da kyamara don gano tsiron da kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Kafin a kawo musu na'urar da ke nuna musu tsiron, suna gano shi a jikin kashi 28.4 cikin ɗari na waɗanda suka duba. Bayan watanni kaɗan da sabawa da ita, a lokutan da suka yi aiki ba tare da ita ba, adadin ya sauka zuwa kashi 22.4. Binciken na lura ne, ba gwajin da aka tsara ba, don haka ana iya samun wasu dalilai a ciki. Amma saurin saukar ya isa ya sa mutum ya gyara zama.

Masu harkar jiragen sama sun riga kowa sanin wannan. Tun 1983 wata masaniya a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta yi nuni da cewa idan na'ura ta karɓi aikin yau da kullum, abin da ake bar wa ɗan Adam shi ne sa ido da kuma karɓar ragama a ranar da na'urar ta gaza. Ranar nan kuwa ita ce ta fi bukatar gwaninta, gwanintar da ta riga ta yi tsatsa saboda rashin amfani. A daren 31 ga Mayun 2009 jirgin Air France mai lamba 447 ya tashi daga Rio de Janeiro zuwa Paris. Ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudunsa, na'urar da ke tuƙa shi ta sakar wa matuƙan ragama, cikin 'yan mintoci kuma ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228. Rahoton binciken da Faransa ta fitar a 2012 ya ambaci ƙarancin horon matuƙan wajen tuƙi da hannu a can sama.

A harshen masu lissafin kuɗi, wannan raguwar darajar kadara ce. Mai kamfani yana cire wani abu kowace shekara don tsufan janareta da motar kaya, amma babu shafin da ake cire wa tsufan basira. Ribar na'ura tana bayyana a wannan watan, asarar kuwa sai bayan shekaru, kuma ba lallai ta faɗa kan wanda ya ci ribar ba. A ganina babban haɗarin ma ba ga manajan yau yake ba, wanda ya koyi aikinsa kafin zuwan na'urar. Yana ga wanda zai gaje shi. Ƙananan ayyukan da ake miƙa wa na'ura, irin su rubuta takardar farko, daidaita rasit da littafi, da taƙaita rahoto, su ne matakan da ƙaramin ma'aikaci ke takawa ya zama babba. Haka abin yake a kasuwa tun fil'azal: yaron da ya shekara yana auna yadi da ƙirga canji a gaban maigida shi ake bar wa shago in an tafi fatauci. Kamfanin da ya daina ɗaukar ƙananan ma'aikata, ko ya bar su suna kwafe amsa kawai, zai nemi mai duba aikin na'ura nan da shekara goma ya rasa a cikin gida, sai ya sayo daga waje da tsada.

Gwajin Turkiyya yana da sashe na uku wanda ya fi amfani ga mai kamfani. An ba wasu ɗaliban na'urar da aka umarta kada ta ba da amsa kai tsaye, sai dai ta nuna mataki na gaba ta bar yaro ya ƙarasa. Waɗannan sun fi kowa a aikin gwaji, kuma a jarrabawa kusan ba a ga raguwar da aka gani a wancan rukunin ba. Wato ya danganta da wanda ya fara tunani, mutum ko na'ura. A ofis ana iya tsara haka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: akawu ya fara rubuta kiyasinsa kafin ya tambaya, duk alƙalami ko doka ko sunan da na'ura ta kawo a nemo asalinsa kafin a sa hannu, wanda ya sa hannu kuma shi ke ɗaukar alhaki. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta bi irin wannan hanya a watan Janairun 2013, lokacin da ta shawarci kamfanonin jirage su riƙa ba matuƙa damar tuƙi da hannu idan yanayi ya ba da hali. Kwatankwacinsa a ofishin lissafi shi ne a ware wasu ranaku a wata da ƙaramin akawu zai daidaita littafi da kansa, babba ya duba, a kuma saka jinkirin da hakan zai jawo cikin kasafin horar da ma'aikata.