Kafin Ka Ɗauko Kwikwiyo

Da zarar an yi sata a unguwa, sai ka ji maigida ya ce zai nemo kare. A kawo kwikwiyo cikin kwali, yara na ta murna, ba wanda ya tsaya ya yi lissafin cewa kare kan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya. Yaron da aka sa a firamare ranar da aka kawo shi zai iya gama sakandare karen na nan a ƙofar gida.

Duk tsawon wannan lokaci cinsa da shansa na wuyanka, kuma ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba sa riƙe kare. Ga kaska, ga tsutsar ciki. In karya ce, takan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, ta yi wata biyu da ciki, ta zube maka 'ya'yan da ba ka shirya musu ba.

Babban nauyin shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ta fi ɗiba. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Allurar kuwa ba a nesa take ba, don cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Mai karen da ya yi sakaci da wannan, da ran 'ya'yan maƙwabta yake wasa.

Sai kuma abin da ba mu cika kulawa da shi ba: kare na shaƙuwa da mai shi. Ya san muryarka, ya san ƙarar babur ɗinka tun daga bakin layi. Wanda aka ɗaure da sarƙa cikin rana, ba mai ko kallonsa, shi ke zama mafaɗaci. In tsufa ya zo, ido ya dushe, haushi ya ragu, wasu sai su kora shi bola ya ƙara yawan karnukan da ke yawo ba mai su. Wannan zalunci ne. Malamai sun yi bayanin halaccin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, sun kuma ce duk dabbar da ka tsare haƙƙinta na kanka.

In ka san ba za ka iya ba, ka ƙara wa katanga tsawo, ka sayi kwaɗo mai ƙarfi, ka bar kwikwiyo wurin uwarsa.