Yadda Ƙwaro Ke Kai Wa Lemo Ciwo

Duk mun san sauro ke yaɗa zazzaɓi. To, lemo ma yana da nasa sauron, watau wani ɗan ƙwaro wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ya tsotsi tohon itace mai ciwo sai ya kwashi ƙwayoyin cuta, ya kai wa mai lafiya. Su kuwa su toshe jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa. Ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su karkace, su yi ɗaci. Cikin 2005 ciwon nan ya ɓulla a Fulorida ta Amurka, ya yi ɓarna ƙwarai. Itacen da ya kamu ba ya warkewa. Saboda haka mu tumɓuke shi tun ƙwaro bai kai wa maƙwabtansa ba.