Aku Ɗan Yaye Ne da Ba Ya Girma

Duk gidan da aka taɓa kai wa yaro yaye sun san yadda ake kintsawa kafin ya iso. Kaka za ta ɗauke kwalbar kalanzir daga gindin murhu ta kai inda hannu ba ya kaiwa, a ɓoye reza da allura, a rufe bakin rijiya, a ja kunnen samarin gida su iya bakinsu, don yaro abin da ya ji shi yake faɗa. Sai kuma a ɗaura ɗamarar kukan dare, tunda an raba shi da uwa. Wanda ya sayo aku ya shigo da shi gida, irin wannan baƙon ya ɗauko, ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai ɗan yaye yakan saba cikin 'yan makonni, ya girma, ya tafi makaranta. Aku kuwa, musamman mai launin toka da jar wutsiya, yakan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, kuma wayonsa da rigimarsa ba sa wuce na ƙaramin yaro.

Wayon nan ba zuƙi ta malle ba ne. A 1977 wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi irin wannan akun a kantin dabbobi, ta sa masa suna Alex, ta yi ta nazarinsa har ya mutu a 2007. Ya riƙe kalmomi sama da 100, yana bambanta launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Abubakar Imam bai yi zaɓen tumun dare ba da ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku. Matsalar ita ce yawancinmu maganar kaɗai muke saye. A kawo tsuntsu yau, gobe a taru a kansa ana "ce sannu, ce sannu", in bai ce ba a ce an yi asarar kuɗi. Alhali da wuya ya fara magana sosai kafin ya kusa shekara, wani ma har abada fito kawai zai riƙa yi.

A dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, cikin garke yake rayuwa. Suna kwana tare a kan manyan itatuwa, safe da yamma suna kiran juna don kowa ya san inda ɗan'uwansa yake. Da aka kawo shi gida, mutanen gidan su ne garkensa. Shi ya sa yake kwaikwayon ƙarar waya da sallama da sunan da uwargida ta fi kira: ya lura waɗannan ne ke sa mutum ya waiwayo. In ka fita daga ɗaki ya tsala ihu, riƙe bakin zane ne irin na yaron da ke tsoron a tafi a bar shi. Ka amsa masa da ɗan fito daga inda kake, sau da yawa ya wadatar. In kuwa ka dawo kana masa tsawa, ka koya masa cewa ihu ne ke kawo ka, gobe zai ƙara.

Inda aka fi cutar da shi wajen abinci ne, kuma da kyakkyawar niyya. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, ba shi da wahala, gyaɗa da ruwa kawai." Gaskiya ne yana son gyaɗa, kamar yadda ɗan yaye ke son alewa, amma ba kakar da za ta ciyar da jikanta alewa safe da rana da dare don ya nuna ita yake so. Gyaɗa mai ya yi mata yawa. Babu sinadarin bitamin A na kirki a cikinta, kuma rashinsa na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ka ga tsuntsu kullum cikin atishawa da toshewar hanci. Ba ta da isasshen kalsiyam, shi kuwa aku mai launin toka an san shi da saurin rasa wannan sinadari a jini. Ranar da abin ya yi tsanani sai ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa, mutanen gida su ce iska ce ta taɓa shi. Ga kuma gyaɗar da ta sha damshi ta yi fumfuna, wadda ke lalata hanta, ƙurarta kuma ta kama huhu.

A daji yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, yana kuma matuƙar son kwakwar manja. Abin da zai maye gurbinsu yana nan a kasuwarmu, kuma ba tsada: karas, kabewa, gwanda, mangwaro, dafaffen dankali, ganyen zogale, ɗanyar masara, gero da dawa, dafaffen wake. Barkono ma yana ci hankali kwance, don yajinsa ba ya kama bakin tsuntsu. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, a barbaɗa kaɗan a abinci, yana taimakawa wajen kalsiyam, amma sai aku ya samu hantsi kai tsaye jikinsa ke iya amfani da shi, kuma ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aikin. A fito da kejin da safe, a bar masa gefen inuwa. Gyaɗa kuma a mai da ita tukwici, ƙwaya biyu uku in ya yi abin kirki. Abubuwan da ba a ba shi ko da wasa su ne fiya da cakulan da abu mai gishiri da yawa, sai shayi da kofi da goro. Na ambaci goro da gangan, domin dattijo na zaune yana ci, aku na leƙe, tausayi ya sa ya gutsura masa. Abin da ke wartsake dattijo a cikin goro yana iya rikita bugun zuciyar tsuntsun da nauyinsa bai fi rabin kilo ba.

Kwalbar kalanzir ɗin aku kuwa a iska take. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar abin da ke yawo a ɗaki, don haka turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin gawayi da na janareta duk haɗari ne gare shi. Kaskon zamani da abinci ba ya kamawa a cikinsa, in ya yi zafi ƙwarai, yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci, mutum kuwa ko wari bai ji ba. Keji ma a duba, don duk abin da ya gani sai ya kai baki, kuma tsohon fenti mai dalma da wayar da aka yi wa rufi irin na kwanon rufi guba ne a cikinsa. A ba shi abin da zai ɓarnata da izini: reshen itace, kwali, totuwar masara. Lokacin hunturu kuma a tuna ɗan kurmi ne, a riƙa yayyafa masa ruwa da rana ta ɗaga.

Akun da aka ajiye a lungu shi kaɗai, ba abin wasa, ba mai kula shi, yakan fara fige gashinsa. Za ka gane shi ne ke yi idan ƙirji da cinya sun yi tas amma gashin kai na nan lafiya, don baki ba ya kaiwa can. Wani lokaci ciwo ne ko bushewar fata, sau da yawa kuwa kaɗaici ne da rashin barci. Yana buƙatar duhu da shiru na awa 10 zuwa 12, kuma falon da ake kallon ƙwallo har sha biyun dare ba ɗakin kwanansa ba ne.

Akwai wuri guda da ya saɓa da yaro. Yaro in ciki ya murɗa masa, unguwa za ta ji. Aku ɓoyewa yake yi, saboda a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Kafin ka ga ya kumbura gashi, ya sauko ƙasan keji, wutsiya na motsi da kowane numfashi, ciwon ya daɗe, kuma wannan na likitan dabbobi ne a ranar, ba a jira gobe. Mai lura yakan riga haka ganewa daga kashinsa da ya canja launi ko ya tsinke, da kuma nauyinsa, in yana ɗora shi a ƙaramin sikeli duk mako. Wajen share kejin a fara yayyafa ruwa, domin ƙurar busasshen kashi na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa mutum zazzaɓi da ciwon huhu. Wanda tari da zazzaɓi suka ƙi sakinsa ya gaya wa likita cewa yana kiwon aku.

Ɗan yaye dai da yardar iyayensa ake kawo shi. Yawancin akun da ake gani a kasuwanninmu kuwa kamo su aka yi, da danƙo a kan reshe ko a kwaso 'ya'ya daga kogon itace, kuma da yawa a hanya suke mutuwa. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu sun ɓace tun daga 1992, kuma a 2016, a taron ƙasashe da aka yi a Johannasbag, an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo yakan zo da zobe marar tsaga a ƙafa, wanda ba ya shiga sai tsuntsu na jariri. In mai sayarwa ya rantse maka cewa yaro ne, dubi idon: na ƙarami baƙi-baƙi ne, sai ya haura shekara yake washewa ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Babban da aka kamo da wayonsa, da ka matso zai yi gurnani ya manne a kusurwar keji, kuma wani sai ya shekara bai karɓi abinci daga hannunka ba.